Cikin da Inna Ta Jira Tsakanin Sallah Biyu

Mu uku ne a gidanmu na Toranke a wancan lokacin: Baba, Inna, sai ni. Yayyena maza biyu suna Kano, babban yana koyon ɗinki, mai bi masa yana bin motar kaya, ba ma ganinsu sai Sallah ta zo. Inna ta haifi tara, ni da yayyen nan nawa kaɗai muka rayu. Autarta mace ce, ƙyanda ta ɗauke ta tana cikin koyon tafiya, kuma daga kanta Inna ba ta sake samun ciki ba har na kai shekara goma sha uku ko kusa da haka. Farkon shekarun saba'in ke nan, lokacin da azumi yake faɗowa a tsakiyar kaka, ana cirar gyaɗa da ƙishirwa a maƙogwaro.

Sana'ar Inna mai da ƙuli-ƙuli. Ita ke soya gyaɗa, ta murje, ta daka, ta matse, duk a tsaye ko a tsugune gaban murhu. Mace ce marar yawan magana, ba ta da faɗa, kuma ban taɓa ganin ta kwanta da rana ba.

Tun da damina na lura ta sauya. Muna zaune a rumfa ana yayyafi, iska na kaɗawa har ina takure jiki, sai ta fizge ɗankwalinta ta shiga fifita da faifai, gumi na tsattsafo mata a goshi da wuya. Takan ce wani zafi ne ke taso mata daga ƙirji ya hau kai, kamar ta leƙa cikin tukunyar suya. Jim kaɗan kuma sai ta ce in miƙo mata mayafi, sanyi take ji. Barci ya guje mata, kullum da safe idanunta sun faɗa. Wata rana ta mare ni a kan ludayin da na bari a ƙasa, abin da a da ko kallona ba za ta yi a kansa ba, sannan ta shige ɗaki. Da na bi ta da ludayin a hannu don in nuna mata na wanke, na tarar tana kuka, ta toshe bakinta da gefen zane. Ta ce in fita, ba ni ba ce, ita ma ba ta san abin da ke damunta ba.

Da azumi ya kama, na ga wani abu kuma. A shekarun baya akwai 'yan kwanakin da Inna takan sa ni in tsaya a bakin madafa in duba ko Baba na shigowa, ita kuma ta kurɓi kunu da tsakar rana a gaggauce. Tana ce mini ciwon ciki ne, sai daga baya na gane fashin sallah take yi, irin na kowace mace in al'adarta ta zo. A wannan shekarar ba ta sa ni gadi ba ko sau ɗaya. Ba ni kaɗai na lura ba. Maƙwabciyarmu, wadda danga ce kawai tsakaninmu da ita kuma takan shigo ɗibar wuta kullum, ta tsare ta da tambaya har Inna ta faɗa mata cewa rabonta da ganin al'ada tun kafin a yi shuka. Matar ta tafa hannu tana dariya, ta ce ai wannan ba ya buƙatar malami, ciki ne. Zafin jikin da saurin fushin duk nasa ne. Inna ta rufe fuska da mayafi, ta ce ina ita ina ciki, ɗanta na fari har ya fara gemu. Amma da ta sauke mayafin na ga fuskarta, kuma rabona da ganinta haka tun kafin rasuwar auta.

Daga ranar Inna ta yarda. Ta buɗe adudunta ta zaro majanyin da ta goya auta da shi, ta wanke, ta shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani. Ban san yadda Baba ya ji ba, domin a gabana ba su taɓa irin wannan magana ba, amma ranar kasuwar Ajingi ya dawo da tsire a ƙunshe da lemo, ya ajiye a bakin ƙofarta. Ya dai ce mata in azumin ya yi mata nauyi ta ajiye, ta rama daga baya. Ta ƙi. Ta ce bana Allah ya ba ta ikon yin wata cikakke ba fashi, ba za ta zubar da shi da hannunta ba.

Goman ƙarshe ita ce mafi wahala a gidan mai mai. Kowane gida na son man Sallah, kowa ya aiko da kwalba ko kwano, ga gyaɗarmu ta gona da Baba ke kawowa a tsinka, ga dawar tuwon Sallah a surfa, a bakace, a niƙa, ga wankin kayan Baba, ga kitsona. Inna tana gaban wuta daga hantsi har la'asar da azumi a bakinta. In na ce ta zauna in karɓa, sai ta ce hannuna bai yi ƙwarin matsa ba, zan bar mai a cikin tunkuza.

Ranar jajibere Goggo ta iso. Yayar Baba ce, an aurar da ita Kademi gidan masu shanu, mijinta ya rasu ya bar ta cikin 'ya'yanta, kuma ba ta yarda ta yi Sallah ko'ina ba sai gidan ubanta. Doguwa ce siririya, haƙoranta sun yi ja da goro, kuma ba ta san ɓoye magana ba. Ta zo da ƙwaryar nono da man shanu a ɗan kwano. Ko hutawa ba ta gama yi ba, ta dubi Inna ta ce me ya same ta haka ta bushe, amma Inna ta yi murmushi ta koma kan aikinta. Wajen la'asar tana tsugune tana matsa, ta miƙe za ta ɗauko kwano, sai kawai ta tafi luu ta faɗi a gefen murhu. Bakin zanenta ya kama wuta. Goggo ce ta kashe da tafin hannunta, ta ja ta inuwa, ta buɗe mata baki ta ɗura mata ruwa. Da Inna ta farfaɗo ta gane ta sha ruwa a ranar ƙarshe, rana ta kusa faɗuwa, sai ta fashe da kuka, kukan azumin ba na faɗuwar ba.

Aka kira ungozoma, tsohuwar da ta yanke mana cibi dukkanmu. Ta ce in fita, amma asabari ne kawai a ƙofar ɗakin, ina zaune a dokin ƙofa ina jin komai. Ta daɗe tana danna cikin Inna. Can ta ce:

"'Yata, ba kowa a nan. Jini ne ya fara yi miki sallama. Haka yake yi, ya ɓuya wata da watanni, ya leƙo, ya sake ɓuya, kafin ya tafi gaba ɗaya."

Inna ta ce, "Iya, ina jin motsinsa."

Tsohuwar ta ce hanji ne, an bar shi ba abinci. Ta ce ta ci, ta sha, ta rage tsayuwa a wuta, abin ba ciwo ba ne, kowace mace da ta yi tsawon rai sai ta bi ta nan. Ta karɓi goronta ta tafi.

Washegari Inna ta riga kowa tashi. Ta tuƙa tuwon Sallah, ta kaɗa miyar taushe, ta zuba kwano-kwano na kai gidajen dangi. Yayyena sun iso daga Kano, suka ci suka yaba, ta yi dariya da su, ta tambaye su labarin birni. Ba lalle a ƙafarta, kanta ma tsohon kitso ne ta rufe da sabon ɗankwalin da babban yayana ya kawo mata. Da yamma maƙwabciya ta shigo barka da Sallah, ta ji abin da ungozoma ta faɗa, ta taɓe baki. Ta ce tsohuwar idonta da hannunta duk sun tsufa. Cikin yana nan, kwanciya ya yi saboda wahala da azumi, kuma ta san wata mata a Ajingi da nata ya kwanta shekaru, aka yi magani ya tashi, ta haifi namiji. Goggo tana gefe tana ɓare goro, ta ɗaga ido ta dube ta, ba ta tanka ba saboda ranar Sallah ce. Ni kuwa na ga yadda Inna ta kama maganar nan ta riƙe.

Goggo ta ƙara kwanaki a wurinmu fiye da yadda ta saba. Ranar da za ta koma, ta zaunar da Inna a rumfa, ta ce mini in zauna ni ma in ji, domin watarana zai zo kaina. Ta ce ita ma ta sha wannan zafin, kuma a bayan shanu ta sha shi, tana tafe da ƙwarya a ka gumi na zuba har cikin idonta, ta ɗauka mayu ne suka kama ta. Ba wanda ya gaya mata komai, uwarta ta riga ta rasu, sai da ya gama da ita don kansa. Ta ce abin da ta gane da kanta shi ne jiki a wannan lokacin lallashi yake so: nono da safe kafin a taɓa wani aiki, zogale ko rama a ci da yawa, wanka da ruwa mai ɗumi da yamma, a bar goro in rana ta karkata don barci ya samu hanya, in zafin ya taso a bar abin da ake yi a nemi inuwa har ya sauka. Inna ta ce to wa zai yi aikin. Goggo ta nuna ni da haɓa ta ce yarinyar nan ta isa tuƙa tuwo. Inna ta ce to, Yaya, ta gode, ta raka ta har zaure. Da ta dawo ta hura wuta ta ɗora kaskon gyaɗa.

Tsakanin Sallar nan da Babbar Sallah, maganin tayar da ciki aka shiga. Baba ya karɓo rubutu, maƙwabciya ta kawo wasu saiwoyi daga kasuwar Ajingi a dafa da jar kanwa. Ni nake dafawa, kuma warinsa kaɗai yana sa ni tashin zuciya. Inna takan toshe hanci ta shanye, wani lokaci ya zauna, wani lokaci ta amayar, ta sake cika moɗa. Takan ɗora hannu a mararta tana aiki, ta tsaya cak kamar mai sauraren sallama daga waje. Ta daina ɗaure zane da ƙarfi. Ba ta daina aiki ba ko kaɗan, amma ta daina ɗaukar tulu, ta ce nauyi ne ya kwantar da shi tun farko.

Babbar Sallah ta zo cikin sanyi. Baba ya yi kiwon ragonsa tun bara, yayyena suka zo, Goggo ma ta zo. Aka sauko daga idi aka yanka, maza suka feɗe, suka miƙo mana kayan ciki suka koma zaure wurin baƙi. Inna tana tsugune tana wanke hanji ina zuba mata ruwa, sai na ga jini a dugaduganta. Na ɗauka na rago ne. Da na sake dubawa na ga daga ƙarƙashin zanenta yake gangarowa, yana bin ƙafarta. Ta ga na gani. Ta ce in yi shiru har maza su ci abinci. Ta shiga ɗaki, na ji tana yaga tsohon zane, ta fito ta ɗora kasko ta fara suya.

Na yi shiru kamar yadda ta ce har wajen azahar. Ta shiga ɗaki ta fito ban san sau nawa ba. Leɓɓanta suka yi fari, tana riƙe da matsami tana jingina da bango in ta ɗauka ba mai kallonta. Goggo tana can bayan ɗaki tana yanka nama, na je na raɗa mata. Ta ajiye wuƙa, ta zo ta zare matsamin daga hannun Inna ta miƙa mini, ta kama ta suka shiga ɗaki. Ta sa na dafa bagaruwa, ta surka, ta zaunar da ita a ciki, sannan ta kwantar da ita ta tokare mata ƙafafu da buhu.

A gidanmu hantar layya ita ake fara gasawa, a kai wa Baba zaure ya ci da baƙinsa. Goggo ta gasa ta da kanta, ta yayyanka, ta shiga da ita ɗakin Inna, ta tsaya a kanta sai da ta ci fiye da rabi. Da shiru ya yi yawa, Baba ya aiko yayana ya ji ko hantar ta yi. Goggo ta wuce shi ta tafi har ƙofar zaure ta ciki, ta tsaya inda kowa zai ji, ta ce:

"Hantar bana ta matarka ce. Jini take zubarwa tun safe, kuna nan kuna hira."

Ba a taɓa faɗar irin wannan magana a gaban maza a gidanmu ba, kuma in ba Goggo ba ban san wanda zai iya ba. Baƙin suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Baba ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofar Inna bai ɗaga asabarin ba, ya ce sannu, ya jima a tsaye, ya sake cewa sannu, ya fita. Ni da yayyena muka ƙarasa suyar, wani ya ƙone wani bai soyu ba.

Inna ta ɗauka ɓari ta yi. Ta roƙi Goggo ta duba tsummokaran da kyau, in akwai wani abu komai ƙanƙantarsa a naɗe shi a binne a bayan ɗaki. Goggo ta duba a gabanta, ɗaya bayan ɗaya, don kada ta ce an ɓoye mata. Gudajin jini ne kawai. Ta ce mata tun farko ba kowa, ungozoma gaskiya ta faɗa, jinin da ya taru ne ya sauko. Inna ta juya fuskarta bango. Na ɗauka barci ta yi, sai na ji ta ce, a hankali:

"Sauran ko ba komai na san inda suke kwance."

Ba wanda ya zo mata gaisuwa, domin ba a yi mutuwa ba. Maƙwabciya ta shigo ɗibar wuta kamar kullum, ta ce Allah ya sa kaffara ne, ta fita da sauri.

Bayan kwanakin Sallah sun wuce Baba ya ce sai an je Gaya a duba ta. Muka hau motar 'yan kasuwa mu uku, ina riƙe da ƙullin kayanta. A ɗakin shan maganin wani saurayi muka tarar cikin farin kaya, bai fi sa'an babban yayana ba. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta abin da ke damunta. Baba yana tsaye a bayanta. Inna ta dubi ƙasa ta ce ciwon kai ne da jiri. Ya sake tambaya ko akwai wani abu bayan wannan, ta ce babu. Ya ja fatar idonta ya duba, ya ce jininta ya yi ƙasa, ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta riƙa cin ganye da nama. Muka dawo. Da Goggo ta ji yadda aka yi, ta ce da ta sani da ita ta raka ta, amma ta san ko ita ce a gaban sa'an ɗan cikinta da wuya bakinta ya buɗe.

Jinin ya yi ta zuwa yana ɗaukewa wajen shekara biyu, sannan ya tafi. Inna ta ninke majanyin ta ba surukar maƙwabciya da ta haihu. Ta daina sa kwalli, ta daina lalle, ta fara kiran kanta tsohuwa, alhali ina jin ko hamsin ba ta kai ba. Wani abu daga cikin maganar Goggo ta ɗauka: ta sakar mini tuwon dare, tana wanka da ruwan ɗumi kafin magariba, ta zauna a tabarma da carbi. Zafin ya ragu, barci ya dawo kaɗan-kaɗan. Sai dai maganarta, wadda dama ba yawa, ta ƙara raguwa.

Akwai Sallah ɗaya da nake tunawa da daɗi a cikin shekarun nan. Goggo ta zo da lallenta a kwaɓe tun daga Kademi. Ranar jajibere da hantsi, lokacin da aiki ya fi yawa, ta ce wa Inna ta miƙo ƙafa ta gwada mata ko lallen yana kamawa. Kafin Inna ta ankara ta lafta mata a ƙafa biyu, ta rufe da ganye, ta ɗaure tam da tsumma, ta kama hannun dama ta cusa a zungurun lalle. Sannan ta ɗaure nata ƙafafun ta zauna kusa da ita. Inna ta ce Yaya, dawa fa, mai fa. Goggo ta ce in tana iya tafiya a haka ta tashi. Haka suka wuni a rumfa, ƙafafu a miƙe, suna ba ni umarni daga zaune, ina kai musu labarin abin da ya ƙone. Na ji Inna ta yi dariya har da tari. Tuwon shekarar ya yi gudaji, aka cinye shi a haka.

Bayan nan ƙafa ta kama Goggo, ta daina iya zuwa. Ni ma aka yi mini aure a Ajingi, na bar Inna da Baba su biyu. Ba nisa, amma sai in yi wata biyu ban je ba, kuma in na je tare muke shiga madafa, hirarmu ta aiki ce.

A ƙarshen shekarun saba'in, lokacin azumi ya koma cikin damina, na je gida washegarin ƙaramar Sallah da ɗana na fari a baya. Gidan cike yake, babban yayana ya kawo amaryarsa Sallarta ta farko. Inna ta rame har wuyanta ya fito, amma tana ta kaiwa da kawowa. Da na shiga ɗakinta in shimfiɗe yaron, na tarar da turaren wuta ya turnuƙe ko'ina, kuma a ƙarƙashin turaren akwai wani wari da ba na ɗaki ba. Na ɗaga tabarma na ga tsummokara a ninke. Na jira har ta shigo, na saki asabari, na tambaye ta.

Ta ce jinin ne ya dawo. Na ce tun yaushe. Ta ce tun wajen Babbar Sallar da ta wuce, da farko ɗan ɗigo, daga baya da ciwon mara da baya. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce da wane baki tsohuwa kamarta za ta ce tana ganin jini, kuma wa za ta gaya wa, Goggo ba ta zuwa, ungozoma ta rasu. Ta ce ta so ta gaya mini kafin azumi, sai ga shuka, sai ga maganar bikin yayana, sai ta ce bari dai a gama Sallah, kada a ce amarya ta zo ta tarar da jinya.

A wannan karon ban yi shiru ba. Na fita na samu yayana a zaure na gaya masa, ina kallon ƙasa. Cikin satin ya tafi da ita Kano, ni ma na bi su. A babban asibitin mace ce ta duba ta, kuma a gabanta Inna ta faɗi komai, tun daga zafin nan na farko. Aka yi gwaje-gwaje, aka kwantar da ita. Daga baya aka kira yayana gefe aka ce wani tsiro ne a mahaifa, ya riga ya yaɗu. Matar da ta duba ta ta ce mini ɗaukewar al'ada ba ciwo ba ce, amma jinin da ya dawo bayan ya tafi ba a zama da shi, da an zo da wuri da akwai abin yi. Ba da faɗa ta faɗa ba. Aka ba mu maganin rage ciwo muka dawo Toranke, domin Inna ta ce ba ta son ta mutu a inda ba ta san kowa ba.

Na dawo gida na zauna da ita. Ta ga Babbar Sallah a kwance, ƙanshin suya ma ba ta iya jurewa, sai da muka kai kaskon gidan maƙwabta. Aka ɗauko Goggo daga Kademi a kan jaki, ta zo ta zauna a gefen gadonta, ba ta yi faɗa ba, tana dai shafa mata man shanu a ƙafa. Inna ta rasu da bazara, kafin ruwan farko.

Da azumin da ya biyo baya ya ƙare, na zo na yi wa Baba girkin Sallah. Yayyena ba su samu zuwa ba a shekarar. Bayan an sauko daga idi na kai masa tuwo zaure, na juya zan tafi, ya ce in zauna. Bai taɓa kwanon ba. Ya ce yana so in gaya masa abin da ya kashe ta, domin yayana ciwon ciki kawai ya ce masa, shi kuma ya san ba shi ke nan ba. Na gaya masa iyakar abin da bakina ya iya, tun daga cikin da ba ciki ba har maganar matar asibiti. Ya saurara bai katse ni ba. Ya ce shekara talatin da wani abu suna tare, ba ta taɓa faɗa masa ko ɗaya daga cikin wannan ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, yana ganin kamar tambayar ce za ta kunyata ta. Can ya ce:

"Ke fa, lafiyarki ƙalau?"

Na ce ƙalau, Baba. Ya ce in watarana ba ƙalau ba, in gaya wa mijina, in na kasa in zo in gaya masa shi. Na ce to. Ya jawo kwanon ya buɗe, ya ɗan ci, ya ce in ɗauke sauran in kai wa yara a waje. Na ɗauka na fita, na tarar ɗana ya farka yana kuka a rumfa, na goya shi na koma wanke tukwane.